Kafaɗar Riga a Ƙasar Kabi, Da da Yanzu

A shekarar 1853, sa'ad da Barth, baƙon nan Bajamushe da ake kira Abdulkarim, ya ratsa Gwandu da Birnin Kebbi, rigar da ya gani a jikin manya ba a auna ta da kafaɗar mai ita ba. Dalilin wannan kuwa yana wajen masaƙi. Abin da yake saƙawa siriri ne, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Maɗinki yakan jera waɗannan ya haɗa, ko wane ɗaya ya tashi daga gaba, ya haye kafaɗa, ya sauka baya, sa'an nan a fasa wuya a tsakiya. Watau babu ɗinki a bisa kafaɗa ko kaɗan, balle a gyara shi. Mai riga shi ke gyara abinsa, ya tattara hannuwanta ya aza bisa kafaɗa. Shi ya sa ɗa kan gaji rigar ubansa ya sa ta zauna masa, ko da ƙirarsu ba ɗaya ba ce.

Al'amarin ya sāke bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Yadi mai faɗi ya yawaita, keken ɗinki ya bazu har garuruwa irin su Argungu da Gulma. Harshe ma ya ba da shaida: tela da jamfa da inci duk aro ne daga Ingilishi, maɗinki kuwa tamu ce tun asali.

Jamfa da kaftanin zamani a kafaɗa suke rataye, saboda haka nan ne tela yake fara awo. Turawa a takarda suke zana siffar riga su gyara kafin su taɓa yadi. Telanmu kuwa galibi da alli yake zane a jikin yadin, ko ya bi tsohuwar rigar da aka kawo masa, kuskurensa kuma asarar mai yadi ce. In kafaɗa ta yi faɗi, sai ya farke hannu, ya rage, ya mayar. In ta mutumin mai gangare ce, sai ya ƙara cin ɗinkin ta wajen hannu, ya kuma zurfafa hammata daidai da abin da ya ci. Wannan na ƙarshe shi almajiran tela suka fi mantawa, a ganina domin ba a ganinsa sai an ɗaga hannu, rigar ta kama mutum.