Gardamar Ɗanɗano a Kan Ruwan Inabin Porto

A arewacin ƙasar Fotugal akwai wani kogi mai suna Douro, wanda yake gangarowa daga Sifen ta tsakanin duwatsu, ya faɗa teku a birnin Porto. A kan gangaren duwatsun nan ne ake noman inabin da ake yin ruwan inabin Porto da shi. Abin da ya bambanta shi shi ne ƙarin barasa. Sa'ad da ruwan 'ya'yan inabi yake tsima, yisti yakan cinye zaƙin da ke ciki, ya mai da shi barasa. Masu yin na Porto kuwa ba su barin aikin ya ƙare. Sukan zuba lita 115 na barasar inabi a kan lita 435 na ruwan da ke tsima, yistin ya mutu, sauran zaƙin ya tsaya. Ƙarfinsa yakan kai wajen kashi 20 cikin ɗari.

Amma da farko ba haka yake ba. A ƙarshen ƙarni na 17 Ingila da Faransa suna ta gaba da juna, har a 1678 majalisar Ingila ta hana shigo da kayan Faransa. Sai fataken Ingila suka juya wajen Fotugal. A 1703 aka ƙulla yarjejeniyar Methuen, wadda ta sa kuɗin fiton ruwan inabin Fotugal ya gaza na Faransa da kashi ɗaya cikin uku, Fotugal kuma ta buɗe ƙofa ga yadin ulu na Ingila. Ruwan inabin wannan zamani ba mai zaƙi ba ne. 'Yar barasa kaɗan akan ƙara masa bayan ya gama tsima, don kada ya lalace cikin jirgin ruwa.

Da ciniki ya haɓaka, sai algus ya shigo. Ingilishi suna son ruwan inabi mai duhun launi, saboda haka waɗansu suka riƙa gauraya marar kyau da ruwan 'ya'yan wani itace da Fotugis suke kira sabugueiro, domin ya yi ja wur. Masu saye suka gane, farashi ya faɗi, manoma suka shiga wahala. A 1756 babban ministan sarki, wanda daga baya aka sani da Marquês de Pombal, ya kafa kamfani na musamman don lura da cinikin. Aka kakkafa duwatsu don nuna iyakar gonakin da aka yarda da su, aka ba da umarni a tumɓuke itatuwan sabugueiro. Aka kuma naɗa masu ɗanɗanawa, su rarrabe wanda ya isa a kai Ingila da wanda za a sayar a gidajen sha na gida. Harshen mutum ɗaya ya zama shi ne zai yanke ko manomi ya ci ribar shekara ko ya yi hasara. Ba kowa ya ji daɗin ikon kamfanin ba. A 1757 masu gidajen sha na Porto suka yi bore, aka murƙushe su, har aka rataye waɗansu.

Shekarar 1820 ta kawo wani sauyi. Inabi ya nuna ƙwarai a wannan kaka, ruwansa ya fito da kauri da zaƙi, masu sha a Ingila kuwa suka ƙaunace shi. Da yake ba kowace shekara take ba da irin wannan amfani ba, masu yi suka ƙara dogara ga tsai da tsimi da barasa, don su sami zaƙin nan kullum. Kafin tsakiyar ƙarnin, wannan hanya ta game ko'ina.

A nan ne Joseph James Forrester ya shigo. An haife shi a Ingila a 1809, ya zo Porto a 1831 don ya yi aiki a kamfanin danginsa. Ya bi kogin Douro sama da ƙasa, ya zana taswirarsa, har sarautar Fotugal ta ba shi muƙamin baron. A 1844 ya buga ɗan littafi, ya soki yawan zuba barasa da rina ruwan inabi, yana ganin wannan yana ɓoye ainihin ɗanɗanon inabin Douro. Abokan cinikinsa suka husata, suka amsa cewa abin da mai saye yake so ke nan. Forrester ya nutse a kogin a 1861, sa'ad da jirginsa ya kife a mashigin Valeira. Kasuwa kuwa ta bi abokan gardamarsa.

Wa ke da gaskiya? Forrester ya haɗa abu biyu wuri ɗaya. Rina marar kyau a sayar da shi da sunan mai kyau ha'inci ne, a nan bai yi kuskure ba. Amma fifita marar zaƙi a kan mai zaƙi zaɓin harshensa ne, ba kuwa wanda zai tilasta wa harshen wani. Duk da haka ra'ayinsa bai mutu ba. A 1952 kamfanin Ferreira ya fito da Barca Velha, ruwan inabin Douro marar ƙarin barasa, wanda ya yi suna ƙwarai. Yau iri biyun suna fitowa daga kwari ɗaya.

Hukumar da aka kafa a 1933 don lura da ruwan inabin Porto ta rarrabe abu biyun nan. Masu ɗanɗanawarta ba su sanin mai kayan da ke gabansu. Sukan duba launi, su sansana, su kurɓa, su tofar. Ba a tambayarsu ko suna sonsa. Abin da ake tambayarsu shi ne ko ya dace da sunan da za a rubuta a kwalba. Wanda ake kira ruby ja ne, yana da ƙanshin ɗanyun 'ya'yan itace. Tawny ya daɗe cikin gangar katako, launinsa ya koma ruwan ƙasa. Idan an rubuta shekara 20 a kan tawny, gauraye ne na gangunan shekaru dabam dabam, sai masu ɗanɗanawa sun tabbatar yana da halin mai wannan shekaru kafin a ba shi hatimi.

Daga nan kuma sai kowa ya bi son ransa, gama kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ingilishi sun saba da mai kauri wanda ya tsufa cikin kwalba, suna shansa bayan abinci tare da cuku. Faransawa, waɗanda suka sha gaban Ingila a yawan saye tun shekarun 1960, sun fi son mai sauƙi, kafin abinci. A Fotugal kuma akan sha farinsa da ƙanƙara lokacin zafi. Duk wanda aka sa shi alƙalin kayan wani, ko hatsi ne ko goro ko tufa, yana da abin koyo a nan: ya auna ko kayan sun yi daidai da sunansu, ya bar mai saye da zaɓinsa.