Dutse, Itace da Kushewa: Gardamar ta Girme Mu



Duk sa'ad da samari sunka komo gida bayan rani, sai maganar nan ta tashi: kushewar malamin da ya kafa masallacin gari, da tsohuwar tsamiyar bakin rijiya. Wasu su ce zuwa wurin shirka ce, wasu su ce yaran zamani ba su da ladabi. Har akwai gidajen da anka daina cin tuwo tare. Mu ƴan lakwal ba malaman fatawa ba ne, amma tarihi aikinmu ne, shi kuwa ya nuna wagga gardama ta girme mu duka.

Mu fara da Makka. Buhari ya ruwaito cewa Sayyadina Umar ya sumbaci Hajarul Aswad, ya kuma faɗi a fili cewa ya san dutse ne da ba ya cutarwa ba ya amfanarwa, ya yi ne don ya ga Manzon Allah (SAW) ya yi. Shi dai wanga Umar, an ruwaito ya sa an sare itacen Hudaibiyya, inda anka yi mubaya'a a 628, da ya ji mutane sun fara zuwa salla ƙarƙashinsa. Ku duba da kyau: mutum guda ya sumbaci dutse, ya sare itace. Abin da ya duba shi ne umurni, da kuma abin da zukatan jama'a sunka fara ratayawa ga wurin. A shekara ta 930 Ƙaramiɗawa sunka ɓalle dutsen sunka tafi da shi gabashin Arabiya, bai komo ba sai bayan shekara 20 da ƴan kai. Ɗakin Allah bai daina zama alƙibla ba ko kwana guda.

Kan kaburbura, hadisi ya nuna an fara hana ziyara, daga baya anka halatta ta don tana tuna lahira. Inda malamai sunka saɓa shi ne ɗaura tafiya musamman, da gina ƙubba, da neman albarka. Ibn Taimiyya ya hana irin wagga tafiya, anka tsare shi a Dimashƙa a 1326, can ya rasu a 1328; malamai irin Subki sunka rubuta masa raddi. Kiristoci ma sun sha tasu: a daular Rum an yi shekaru ana farfasa hotunan waliyyai a majami'u, har taron Nikiya na 787 ya bambanta girmamawa da bauta, ya ce bauta ta Allah ce shi kaɗai. Duk da haka rikicin ya sake tashi bayan ƴan shekaru.

Amma abin da ya fi kusa da mu shi ne na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda anka haifa a Maratta, cikin ƙasarmu, a 1754. Cikin laifuffukan da ya ɗora wa sarakunan Hausa akwai yanka ga duwatsu da itatuwa, abin da ya kira gauraya Musulunci da al'adun arna. Da yaƙi ya kai Barno, Shehu Laminu na Kanem ya rubuto wa Muhammadu Bello wasiƙu. Ya yarda abin saɓo ne, amma ya ce saɓo da jahilci ba su fid da mutum daga Musulunci. Jahili koya masa ake yi. Har ya kawo misalin garin Dimyaɗ na Masar, inda talakawa ke yi wa wani itace irin haka, ba a kuwa kai musu yaƙi ba. Bello ya amsa cewa wanda ya yanka wa dutse ya riga ya ba shi haƙƙin Allah. A ganinmu kowannensu ya riƙe gaskiya ta gefe guda: Bello kan hukuncin aikin, Laminu kan yadda za a bi da mai aikin. Dattawanmu sun fi jin Laminu, samari sun fi jin Bello.

Sai kuma ga abin lura. Shehu ya rasu a 1817, shi kansa Baƙadire ne mai girmama waliyyai, kuma Hubbarensa a Sakkwato ya zama wurin ziyara. Da yawa cikin kakanninmu sun je da ƙafa. Wato mutanen jihadi ba su ɗauki tsayuwa gaban kabari da yi wa mamaci addu'a daidai da zuba jinin baƙin bunsuru a gindin tsamiya ba. Mu a nan mun haɗa biyun cikin kwando guda, shi ya sa gardamarmu ba ta ƙarewa. Mai zuwa kushewa, a tambaye shi da ladabi wa yake roƙo.

Inda anka ƙi tambaya anka ɗauki gatari, mun ga sakamako. An rushe ƙubbobin maƙabartar Baƙi'a ta Madina a 1806, anka sake wajen 1925 zuwa 1926, har yau Musulmi ba su daidaita a kai ba. A Tumbutu, cikin 2012, masu bindiga sunka farfasa kushewun waliyyai. Kotun duniya ta La Haye ta yanke wa Ahmad al-Faƙi al-Mahdi ɗaurin shekara 9 a 2016. Kafin hukuncin ma, a 2015, maginan garin sun riga sun sake tayar da 14 daga cikinsu.