Ɗaukaka ƙara

ɗaukaka ƙara (sunan aiki). Kai hukuncin wata kotu gaban wadda ta fi ta, don a soke shi ko a gyara. *Gwamnati ta ɗaukaka ƙara kan wanke shi da aka yi.*

A shari'ar kisan kai, galibi wanda aka yanke wa hukunci ne ke ɗaukakawa, amma mai gabatar da ƙara ma yana da wannan dama idan an wanke wanda ake tuhuma. Misali, a ce rigimar gonar gado tsakanin 'yan uba a Jama'a ta kai ga rasa rai. Batun gadon na kotun gargajiya ne ko ta Musulunci, kisan kuwa Babbar Kotun Jiha da ke Kafanchan ce ke saurarensa. In ta sallami wanda ake zargi, dangin mamacin ba su da hurumin ɗaukakawa da kansu, sai dai su yi ta bin Ma'aikatar Shari'a. Wa'adin ɗaukaka ƙarar kwana 90 ne, a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Kaduna, daga nan sai Kotun Ƙoli a Abuja.

Sashe na 36(9) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana sake gurfanar da wanda aka wanke a kan laifin da aka wanke shi, sai da umarnin kotun sama. Ita kuwa ba ta cika taɓa irin wannan hukunci ba, musamman inda shaidun duk 'yan gida ɗaya ne masu ido a kan gonar, domin alƙalin farko ne ya ga fuskokinsu, ita takarda kawai take karantawa.