Hasashen Masana a Kan Na'ura da Shaɗaranji

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan 'yan dara a Wudil ranar Juma'a, bayan an watse daga kara, ya san ana auna hankalin mutum da yadda yake jera 'ya'yansa uku a gurabe ba tare da abokin karawarsa ya farga ba. Shaɗaranji kuwa, wanda su al-Suli suka shahara da shi a fadar Bagadaza, bai yi saiwa a ƙasar Kano ba, watakila saboda Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ɗalibanmu ke karantawa a zaure, ta hana wasa da shi. Amma a wajen Turawa shi aka mayar ma'aunin basira, har ya zamana da kwamfuta ta bayyana, mas'alar da ta fara shagaltar da masana ita ce yaushe za ta rinjayi gwanayensa.

A shekarar 1957 Herbert Simon, malami a Amurka, ya yanke cewa kafin shekara goma na'ura za ta zama zakaran duniya. Wa'adi ya cika, ba ta ko kusanto ba. A 1968 David Levy, gwanin ƙasar Sikotlan, ya yi fare da masana irin su John McCarthy cewa babu na'urar da za ta kayar da shi cikin shekara goma, ya kuwa ci farensa a Toronto a 1978, sa'ad da ya doke na'urar Chess 4.7, sai dai a 1989 wata na'ura mai suna Deep Thought ta lallasa shi wasa huɗu ba ko ɗaya.

Garry Kasparov, zakaran duniya na lokacin, ya rinjayi na'urar Deep Blue ta kamfanin IBM a 1996, amma a watan Mayun 1997, a birnin New York, ta kayar da shi da maki uku da rabi, shi yana da biyu da rabi.

A ganina, jinkirin shekara talatin ba shi ne babban kuskuren Simon ba, domin gaibu sai Allah. Shi ya zaci na'ura za ta yi galaba ne ta hanyar kwaikwayon nazarin ɗan Adam, alhali Deep Blue da ƙarfin hisabi ta ci, tana bincikar yanayin wasa kimanin miliyan 200 a kowace daƙiƙa. Yau ɗalibin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil yana iya sauke manhajar shaɗaranji ta Stockfish kyauta a wayarsa, ita kuwa ta fi Deep Blue ƙarfi nesa ba kusa ba.