Bukukuwan Mutanen Malayali: Addini Uku a Ƙasa Ɗaya

Idan aka ambaci Indiya a gaban Bahaushe, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne rawa da waƙa na majigi. Amma iyayenmu da suka yi sakandare a shekarun 1970 zuwa 1980 suna da wani abin tunawa daban, watau malaman lissafi da kimiyya 'yan Indiya, waɗanda da yawansu suka fito daga Kerala. Mutanen wannan jiha su ake kira Malayali, harshensu kuwa Malayalam. An kafa jihar a 1956, a gaɓar teku ta kudu maso yammacin Indiya. Ƙidayar 2011 ta nuna cewa cikin mutum ɗari, kusan 55 mabiya addinin Hindu ne, 27 Musulmi, 18 Kirista. Tambayar da wannan maƙala ke son bi ita ce, yaya aka yi bukukuwan waɗannan addinai suka riƙa shiga cikin juna?

Amsar tana bakin teku. Ƙasar Malabar, kamar yadda ake kiran gaɓar a da, gidan masoro ce da citta, iskar damina kuwa ita ke kawo jiragen fatake daga yamma, sai ta juya sannan su koma. Baƙon da zai yi watanni yana jiran iska dole ya nemi masauki da wurin ibada, wani ma ya yi aure. Kiristocin ƙasar suna riƙe da cewa Toma, almajirin Annabi Isa, ya sauka a can a shekara ta 52. Musulmi kuma suna cewa masallacin Ceraman na Kodungallur an gina shi tun 629. Masana tarihi suna ja da waɗannan shekaru, amma akwai shaidar da ba a ja da ita: wasu allunan tagulla na shekara ta 849, waɗanda a cikinsu mai mulkin Kollam ya ba wata majami'a fili da alfarma, shaidu kuma suka sa hannu da Larabci da Farisanci da rubutun Yahudawa. Ibn Baɗuɗa, wanda daga baya ya biyo ta Takedda har ya ambaci Gobir, ya iske Kalikut cike da attajirai Musulmi ƙarƙashin sarkin Hindu.

Babban bikin ƙasar shi ne Onam, wanda ake yi kwana goma a watan Cingam, tsakanin Agusta da Satumba. Bikin kaka ne, ɗan'uwan kalankuwa ke nan. Labarinsa kuwa shi ne, wai an yi wani sarki adali mai suna Mahabali, wanda a zamaninsa babu ƙarya babu algus, kowa daidai yake da kowa. Sai abin bautarsu Bishnu ya zo masa a siffar wada mai suna Bamana, ya roƙi ƙasa taki uku. Da aka ba shi, sai ya girma, ya haɗiye sama da ƙasa da taki biyu. Sarki don kada ya saɓa alkawari ya miƙa kansa aka taka, ya nutse ƙarƙashin ƙasa, amma aka yarje masa ya riƙa ziyartar talakawansa sau ɗaya a shekara. Don tarbarsa ne ake shimfiɗa zanen furanni a ƙofar gida, a sa sababbin tufafi, a ci shinkafa da miya iri-iri a kan ganyen ayaba, a yi tseren dogayen kwale-kwale masu ɗaukar matuƙa kusan ɗari. Abin lura a nan shi ne, wanda ake yi wa bikin shi ne wanda aka ci da yaƙi. A ganina wannan ne ya sa bikin ya yi wa kowa daɗin shiga, domin kewar sarki adali ba ta da addini. Kirista da Musulmi da yawa suna cin abincin Onam, ko da ba su je haikali ba.

Akwai kuma Bishu a tsakiyar Afrilu, inda manya ke raba wa yara kuɗi kamar barka da salla, da Puram na garin Tirishur, wanda Sarkin Kocin Shaktan Tamburan ya tsara a ƙarshen ƙarni na 18. A nan ake jera giwaye sahu biyu suna fuskantar juna, ana gasar sauya laimomi masu launi, ga makaɗa ɗaruruwa.

Kiristocin Toma sun girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. Da Basko da Gama ya iso a 1498, mutanen Fotugal suka so su mai da su kan tsarin Rum, har aka yi taron Diyamfa a 1599, su kuwa suka yi rantsuwar bijirewa a Mattanceri a 1653. Shi ya sa bukukuwansu suke da ƙamshin ƙasar. Daren Alhamis kafin Ista mai gida kan yanka wata waina marar yisti, ya raba wa iyali tare da kunun madarar kwakwa. A bikin majami'a kuwa za ka ga laimomin ado da fitilun tagulla da ganguna irin na haikalin Hindu. Kirsimeti ma ana gane ta da taurarin takarda da ake ratayewa a ƙofar gida, ba a gidajen Kirista kaɗai ba.

Mai nazarin harshe zai so wannan: da kalma ɗaya, "palli", suke kiran masallaci da majami'a, "perunnal" kuma tana nufin idi da bikin coci. Musulminsu, waɗanda aka fi sani da Mappila, suna cewa "ceriya perunnal" da "baliya perunnal", watau ƙaramar salla da babbar salla, daidai yadda muke faɗa. Suna kuma da bukukuwan hubbaren waliyyai da ake kira "nerca", wasu har da giwaye da kiɗa. Mafi ban mamaki shi ne na garin Erumeli. Masu ziyarar dutsen Sabarimala, wurin bautar Ayyappan, sukan fara kewaya masallacin Babar, wani Musulmi da labari ya ce amininsa ne, sannan su wuce.

To, kada mai karatu ya ɗauka zaman lafiyar ba ta da tabo. Zamanin da ake waƙar daidaiton Mahabali, a zamanin ne ake hana ƙasƙantattun dangi bin hanyar da ta wuce ta gaban haikali, sai da aka yi gwagwarmayar Baikom a 1924, kafin Sarkin Tirabanko ya buɗe musu haikalai a 1936. An zubar da jini a tawayen Malabar na 1921, an kuma zubar a Marad a 2002 da 2003. Cikin Musulmi, ƙungiyar Mujahid da aka kafa a 1950 tana kallon "nerca" a matsayin bidi'a, muhawarar da ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Onam kansa bai tsira ba. A 2016 Amit Shah, shugaban jam'iyyar BJP na lokacin, ya aika da gaisuwar bikin haihuwar Bamana ana jajibirin Onam, sai mutanen Kerala da yawa suka harzuƙa, suna ganin ana so a ƙwace bikin daga hannun sarkin da aka taka a miƙa wa wanda ya taka shi. Bayan shekara biyu, a 2018, ambaliya ta cinye jihar ana gab da bikin. Gwamnati ta soke shagulgulan, ta karkatar da kuɗin zuwa agaji, dubban mutane kuma suka yi Onam da babbar salla a mako guda, a sansanonin da aka buɗe cikin makarantu da majami'u da masallatai.