Sanƙarau da Yaran Bakin Kwara: Daga Malanville zuwa Banikoara

Malanville gari ne na iyaka a ƙuryar arewacin Jamhuriyar Benin, a gaɓar kogin Kwara, yana fuskantar Gaya ta ƙasar Nijar, kuma ba shi da nisa da Kamba ta Jihar Kebbi. Bahaushe na iya zaton sunan daga "malam" ya fito, amma sunan wani gwamnan Faransa ne na Dahomey, Malan, aka laƙaba wa garin. Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa ne ke cika kasuwarsa. Gari irin wannan, inda fatake da 'yan cirani da almajirai ke kwana ɗaki guda, ya daɗe da sanin sanƙarau.

Sunan cutar ma bayani ne: daga "sanƙare" yake, domin wuyan yaro kan ƙage har ya kasa sunkuyar da kai. Ƙwayar cutar kan zauna a maƙogwaron mutum lafiyayye ba tare da ya sani ba. Idan hunturu ya zo da ƙura da bushewar iska, fatar cikin hanci da maƙogwaro ta yi rauni, sai ƙwayar ta sami ƙofar shiga jini, ta kai ga lulluɓin ƙwaƙwalwa. Annobar kan tashi a hunturu, ta yi ƙamari a bazara, ta lafa da saukar ruwan fari. Yara da matasa ta fi kamawa. Ko da magani, kusan ɗaya cikin goma kan mutu, waɗanda suka tashi kuwa wasunsu da kurumta ko raunin ƙwaƙwalwa suke ƙare rayuwa.

An rubuta ɓarkewarta a Arewacin Nijeriya tun 1905. A 1963 wani likitan sojan Faransa, Lapeyssonnie, ya shata yankin da take yawan dawowa, wato zirin da a yau ake lissafa shi daga Senegal zuwa Habasha. Arewacin Benin na ciki, haka ma ƙasar Hausa kusan gaba ɗayanta.

Shekarar da ba a mantawa ita ce 1996. A wannan annoba da ta zarce cikin 1997, mutum fiye da 250,000 suka kamu a Afirka, kimanin 25,000 suka rasu, kuma Nijeriya ce ta fi jin jiki. A tsakiyar wannan tashin hankali kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a gwajin da ya haɗa yara 200. Goma sha ɗaya suka rasu. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta laifi, shari'a ta ja har 2009 da aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Kuɗi bai wanke zargin ba. Lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a Kano a 2003, labarin Trovan na cikin hujjojin da mutane ke kawowa, kuma da wuya a ce ba su da dalilin tsoro.

Rigakafin sanƙarau na wancan zamani yana da aibi biyu: ba ya kare jarirai yadda ya kamata, kuma ƙarfinsa kan dushe bayan 'yan shekaru. Shi ya sa sai annoba ta tashi ake rugawa da shi, a yi ihu bayan hari. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka kafa shirin samar da sabon rigakafi na nau'in A, wanda shi ne ke haddasa manyan annobai. Sharaɗin da ƙasashen Afirka suka nace a kai shi ne farashi: kada allura ɗaya ta wuce rabin dala. Kamfanin Serum Institute na Indiya ya amince. Aka ƙaddamar da MenAfriVac a Burkina Faso a Disambar 2010, ana yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29.

Saura matsalar zafi. Ka'ida ita ce a riƙe rigakafi cikin sanyi tun daga masana'anta har hannun yaro, abin da ke nufin firji da ƙanƙara a ƙauyukan da ba su da lantarki. A Nuwambar 2012, a Banikoara, garin auduga da ke jihar Alibori guda da Malanville, aka fara abin da ba a taɓa yi ba a hukumance a Afirka: aka bar ma'aikata su ɗauki allurar ba ƙanƙara har kwana huɗu, muddin zafi bai wuce digiri 40 ba. Kowace jaka na ɗauke da ɗan kati mai sauya launi idan zafi ya zarce. Mutum kimanin 155,000 aka yi wa allura ta haka. Abin kamar ƙarami ne, amma ga ma'aikacin da ke kan babur yana neman rugar Fulani, yana nufin zai kwana a can ya yi wa yara da asuba kafin a fita kiwo, maimakon ya juya gari neman ƙanƙara.

Nau'in A ya kusan ɓacewa daga yankin. Sai nau'in C ya ɓullo a Kebbi da Sakkwato daga 2013, ya far wa Yamai da Dosso a 2015, ya kashe fiye da mutum dubu a Nijeriya a 2017, galibi yara, Zamfara ce kan gaba. Duk wannan a maƙwabtan Malanville ya faru, kuma MenAfriVac ba ya kare kowa daga gare shi. Sai a 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabon rigakafi mai tare nau'i biyar, A da C da W da Y da X, a allura ɗaya, Nijar ta biyo baya a shekarar.