Wahaya: yadda cinikin bayi ya ɓuya a ɗakin aure

In aka ce maka safarar mutane, wataƙila abin da zai fara zuwa ranka shi ne motocin da ke tashi daga Agadas su nufi Libiya. Akwai wata iri da ta girme wannan nesa ba kusa ba, kuma ba ta buƙatar fasfo. A cikin gida ake yin ta, da sunan aure.

Bari mu koma baya kaɗan. A 1901 Lugard ya fitar da sanarwar hana cinikin bayi a Arewacin Najeriya, aka ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilun shekarar ɗa ne. Amma fa ba a ƙwace bayin da ke hannun iyayengijinsu ba, sai a 1936 aka soke bautar kwata-kwata. Faransa ma ta yi tata dokar a 1905 a yankunan da ta mallaka, ciki har da Nijar ta yau. Kasuwar bayi ta watse, amma masu son saye suna nan. To, namiji baligi yana da wuyar ɓoyewa, yana iya guduwa ko ya kai ƙara. Yarinya kuwa, da an shigar da ita cikin gida an ce matar aure ce, magana ta ƙare, don ba jami'in da zai leƙa.

Daga nan ne za ka fahimci wahaya, wadda wasu ke kira mata ta biyar. Mutum yana da matansa, sai ya sayi yarinya, galibi daga zuriyar bayi a cikin al'ummar Abzinawa ta yankin Tawa. Ba ɗaurin aure, ba sadaki, ba ta da kwana, ba ta da gado. Daka, ɗiban ruwa da kiwo nata ne, kuma maigida ya neme ta duk sanda ya ga dama. Masu yi suna fakewa da hukuncin ƙwarƙwara. Za ka ga rahotannin Turawa suna rubuta "sadaka", kada ka ɗauka kyauta ake nufi, sa-ɗaka ce. Wasu 'yan matan ma har a tsallako da su iyaka zuwa Najeriya.

Labarin da ya tona asirin abin shi ne na Hadijatou Mani. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita a kan sefa 240,000 ga wani mutum a yankin Birnin Ƙonni. Ta yi shekara 9 a gidansa. Da Nijar ta mai da bauta babban laifi a 2003, mai hukuncin ɗaurin shekara 10 zuwa 30, sai a 2005 ya ba ta takardar 'yanci. Ta ce za ta tafi, ya ce ina, ai matarsa ce. Ka ga dabarar? Jiya baiwa, yau mata, duk wanda ya fi amfanarsa a gaban doka. Ta auri wanda take so, sai kotu ta yanke mata wata 6 a kan wai ta yi aure kan aure.

Ƙungiyar Timidria da ke yaƙi da bauta a Nijar ta tsaya mata, aka kai ƙara kotun ECOWAS. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce Nijar ta gaza kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. A ganina kuɗin bai kai wahalar shekara 9 ba. Abin da ya fi nauyi shi ne laifin da aka ɗora wa alƙalan ƙasar, waɗanda suka ji da kunnensu an ce baiwa ce amma suka ci gaba da shari'ar aure kamar ba komai.

To yaya za ka gane safara in ta sa rigar al'ada? Yarjejeniyar Palermo ta 2000, wadda Najeriya da Nijar duk suka amince da ita, abu uku take dubawa: an ɗauko mutum ko an karɓe shi, ta hanyar tilas ko yaudara ko biyan wanda ke iko da shi, da nufin ci da guminsa. In yaro ne ƙasa da shekara 18, na biyun ma ba a buƙatarsa, wato ko iyaye sun yarda, ko ita yarinyar ta ce ta yarda, safara ce. Kuma babu inda aka ce sai an ƙetare iyaka. Gwada wannan ma'auni a kan 'yar aikin da wata dillaliya ta kawo daga ƙauye, ita ke karɓar albashin, yarinyar ko makaranta ba ta zuwa.

A Najeriya hukumar NAPTIP, da aka kafa a 2003, ita ake kai wa irin wannan rahoto. A Nijar kuwa sai a 2014 aka fara ɗaure wani saboda ajiye wahaya, shekara 4, a kotun Birnin Ƙonni, garin da aka taɓa yanke wa Hadijatou hukunci.